Yadda za ka gane ko ambaton Isra'ila ya zama ƙin jinin Yahudawa

Faɗin sunan Isra'ila shi kaɗai ba ƙin jinin Yahudawa ba ne, kamar yadda ambaton Indiya ba ya nufin ƙin mabiya addinin Hindu. Abin aunawa shi ne inda aka ajiye sunan, da wanda aka jefa da shi, da abin da aka jingina masa.

Da farko ka tambayi kanka wa ya aikata abin da kake magana a kai. Idan gwamnatin Isra'ila ce ko sojojinta, to su za ka ambata, ka faɗi abin da suka yi a Gaza ko a Gaɓar Yamma da Kogin Jordan da duk kaifin da gaskiya ta ba ka. A nan ne muka fi tuntuɓe, domin baki ya saba cewa "Yahudawa sun kai hari" alhali rundunar ƙasa guda ake nufi. Fiye da rabin Yahudawan duniya ba a Isra'ila suke zaune ba, mafi yawansu a Amurka, kuma kusan kashi ɗaya cikin biyar na 'yan ƙasar Isra'ila Larabawa ne. Akwai ma Yahudawan da ke fitowa zanga-zangar adawa da yaƙin Gaza, kuma rashin adalci ne a haɗa su cikin laifin da suke ƙi.

Sannan ka duba wanda ake fuskanta da sunan. Wanda ya rubuta "Isra'ila" a bangon wurin ibadar Yahudawa a Faransa, ko ya tare ɗalibi Bayahude yana neman ya amsa laifin Netanyahu, ya ɗora wa mutum nauyin ƙasa saboda addininsa kawai, ko da bai ƙara kalma ɗaya ba. Ma'anar ƙin jinin Yahudawa da ƙungiyar ƙasashe ta IHRA, mai kula da tunawa da kisan kiyashin da 'yan Nazi suka yi, ta amince da ita a birnin Bucharest a 2016, ta lissafa wannan cikin misalanta 11. Ita dai ma'anar ta ce sukar Isra'ila irin wadda ake yi wa kowace ƙasa ba ƙin jini ba ce.

Ka kuma lura ko an saka sunan ƙasar a gurbin tsohuwar ƙarya. Zancen cewa Yahudawa na juya bankuna da jaridun duniya a ɓoye ya girmi ƙasar da aka kafa a 1948. An yaɗa shi a Rasha tun 1903 cikin wani kundi na jabu da jaridar The Times ta Landan ta tona asirinsa a 1921. Sauya "Yahudawa" da "Isra'ila" a irin wannan jimla ba ya wanke ta.

Akwai wuraren da masana kansu suka yi saɓani. Sanarwar Kudus ta 2021 kan ƙin jinin Yahudawa, wadda masana kimanin 200 suka sa wa hannu, tana ganin ƙaurace wa kayan Isra'ila ko adawa da Sahyoniyanci, wato aƙidar kafa wa Yahudawa ƙasa tasu, ba lalle ba ne su zama ƙin jini, yayin da wasu magoya bayan ma'anar IHRA ke kallonsu da zargi. A irin wannan wuri ka sa sunan wata ƙasa da ta aikata makamancin abin, ka ga ko za ka faɗi jimlar yadda take. Idan ba za ka iya ba, ka sake rubuta ta kafin ka wallafa.