Yadda za ka gane ko ka jira sabon furosesa ko ka sayi wanda ke kasuwa

Mutum zai tara kuɗinsa zai sayi kwamfuta, sai wani ya ce masa ai dakata sabon furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, na nan tafe, shikenan ya zauna jira har aikinsa ya tsaya. Jiran ba laifi ba ne wallahi, amma ka san me kake jira tukuna.

Fara da duba kalanda, don kamfanonin da ke ƙera furosesa irin su Intel da AMD suna da lokutansu. A watan Janairu ake baje kolin CES a Las Vegas, nan aka fi sanar da furosesan laptop, sai Computex a Taipei wajen ƙarshen Mayu ko farkon Yuni. Na kwamfutar tebur kuwa sau da yawa tsakanin Agusta da Oktoba suke shigowa, Ryzen 9000 na AMD a Agustan 2024 ya fito, Core Ultra 200S na Intel kuma a Oktoban shekarar. In saura wata ɗaya ko biyu to ka haƙura ka jira, ko ba ka sayi sabon ba farashin na baya yakan sauko. In saura wata takwas, sayi abinka kawai.

Inda aka fi ruɗa mutane shi ne suna, kuma wannan abin yana damuna sosai. Lamba ta ƙaru ba ta nufin cikin ya canza. Intel ƙarni na 14 da ya fito a 2023 kusan na 13 ne aka ɗan ƙara masa gudu, wanda ya jira shi shekara guda bai samu wani abin kirki ba. A laptop na AMD ma Ryzen 7520U da 7840U duk 7000 aka rubuta musu amma na farkon Zen 2 ne tsohon gini, na biyun Zen 4, lamba ta uku ce ke tona asirin. Saboda haka ka nemi sunan ginin cikin, kada ka tsaya a sitikar da aka manna a jiki.

In na tebur za ka haɗa, soket ka duba kafin komai, wato gurbin da ake dasa furosesa a kan madabod, babban allon cikin kwamfuta. AM5 da AMD ta kawo a 2022 ta ce za ta ci gaba da tallafa masa aƙalla har 2027, wato za ka iya sayen madabod yau ka sa masa sabon furosesa nan gaba bayan ka sabunta BIOS, wato manhajar da ke cikin madabod ɗin. Intel kuwa ta bar soket ɗin LGA1700 ta koma LGA1851, sabon madabod dole, kuma RAM irin na DDR5 kaɗai yake karɓa, RAM ɗinka na DDR4 ba zai shiga ba.

Laptop daban ne, furosesan a liƙe yake da madabod ba ya ciruwa, abin da ka saya da shi za ka zauna, shi ya sa jira ya fi amfani a nan musamman in batir ne damuwarka.

Kuma don Allah ko ya fito kada ka yi rububin ranar farko, bari masu gwaji su auna zafi da cin wuta da gudu, ka ba shi sati biyu ko uku. In furosesan laptop na Intel mai suna Lunar Lake ne ka lura RAM ɗinsa a jikin furosesan yake, 16GB ko 32GB, ba a ƙarawa daga baya, to ka zaɓi wanda zai ishe ka tun ranar saye.