Yadda za ka gane abinci da motsa jikin da suka dace da jikinka a Legas

Toh jama'a, abin da ke ɓata mana lissafi a maganar rage ƙiba shi ne kwaikwayo, mutum zai ga wani a TikTok ya ce ya daina cin tuwo da shinkafa ya koma ƙwai da ganye, shikenan washegari shi ma ya tsiri nasa bai ko tambayi kansa ba wai aikina da na wancan ɗaya ne? Ɗan dakon da ke sauke buhunan albasa a Mile 12 tun asuba in ka hana shi tuwo ai kwantar da shi za ka yi, shi kuwa Alhajin da ke zaune a shago a Agege daga safe har magariba, hatta ruwan alwala yaro ke miƙo masa, in ya ci irin malmalar ɗan dako to tumbi na nan tafe. Saboda haka fara duba yininka tukuna, zama ya fi yawa ko zirga-zirga, har da awannin da kake kwashewa a danfo cikin gosulo ka lissafa su cikin zama.

Sai awo. Ba sai kana da sikeli ba, samu zare ka yanke shi daidai tsayinka, ka ninka biyu, ka zagaya shi a cikinka ɗan sama da cibiya ba tare da ka shanye cikin ba (na san halinmu). In bakin zaren ya haɗu lafiya lau, in ya ƙi haɗuwa to kitsen ciki ya yi yawa, kuma shi ne mai janyo suga da hawan jini ko da hannu da ƙafarka sirara ne. Daga nan leƙa kemis ko asibitin unguwa a auna maka jini da suga, in jinin na kai 140/90 ko sama a awo daban-daban to likita za ka fara gani. Mai shan maganin suga, mai ciki, mai shayarwa, mai olsa, dan Allah kada ku shiga tsarin ƙin cin abinci sai da izinin likita.

Abinci kuwa ni a ganina teburin mai shayi ne ke gama da yawancinmu. Ƙarfe goma sha ɗaya na dare an tashi kasuwa, a haɗa maka kofi babba, madara da Milo da sukari cokali huɗu, burodin Agege an shafe shi da bota, ga indomi biyu da ƙwai, ka gama ka je ka kwanta. Ba cewa na yi ka rabu da mai shayi ba, ka dai ce masa sukari ɗaya, kuma ko burodi ko indomi, ba duka ba. Lemon kwalba ma haka, Coke ɗaya ta 50cl tana da sukari sama da giram 50, alhali kusan giram 50 ɗin shi ne iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci babba a yini guda. Gishiri kuma ƙasa da giram 5, wajen ƙaramin cokali ɗaya kenan, kuma har da wanda ke cikin magi da yajin tsire, shi ya sa uwargida gara ki rage dunƙulen ki ƙara daddawa.

In mai yawan zama ne kai, raba farantinka, rabi ganye da miya, kwata tuwo ko amala ko shinkafa, kwata wake ko kifi ko nama. Alhamdulillahi garin nan ba a rasa ganye, ga ugu ga efo ga kuɓewa ga zogale, acca ma tana da kyau. Ewa agoyin, wato dafaffen wake da miyar manja, waken ba shi da laifi, manjan da ake malala masa ne za ka ce a rage. In kuma aikin ƙarfi kake, ci ka ƙoshi, ka yawaita ruwa don zufar Legas ba wasa ba.

Masu neman ƙiba, musamman 'yan'uwa mata, ku rabu da sha-ka-fashe, da yawa irin ƙwayoyin nan kumbura fuska da jiki suke yi su tayar da suga da hawan jini. Gyaɗa, fura da nono, ƙwai, alale, ayaba, a ƙara yawan lokutan ci, a hankali jiki zai murje.

Motsa jiki abin da ake so ga babba aƙalla minti 150 a sati, wato minti 30 sau biyar, kuma ba dole sai ka biya kuɗin jim a Lekki ba. Sauka daga mota tasha ɗaya kafin taka ka ƙarasa da ƙafa, hau gadar tsallaka titi, ko bayan sallar asuba kafin hayaƙin motoci ya tashi ka zaga unguwa da sauri, irin saurin da za ka iya magana amma numfashi ya ɗan hau. Na kusa da Surulere ga filin wasa na ƙasa, Asabar da safe cike yake da mutane. Mai jiki sosai ko mai ciwon gwiwa kada ya fara da gudu ko tsallen igiya, tafiya ta ishe shi. Wadda ba ta cika fita ba, hawa da saukar bene da tsugunne-tashi a ɗaki suna aiki, sau biyu a sati a haɗa da ɗan ɗaga abu mai nauyi kamar jarkar ruwa.

Canza abu ɗaya ko biyu kawai ka riƙe su wata guda sannan ka sake gwada zaren. In ana cikin motsa jiki ka ji jiri ko ƙirji ya riƙe ko numfashi na sarƙewa, tsaya nan take ka nemi asibiti.