Ganyen farkon damina: yadda nake tsinka, nake shanyawa

Ruwa biyu ko uku ya isa. Da an same su a Zariya, daga ƙarshen Afrilu zuwa Mayu, ki leƙa bayan ganuwa wajen Ƙofar Gayan, za ki tarar tafasa ta yi kore shar kamar shuka ta aka yi. A ɗan wannan tsakanin nake tara ganyen da zai kai mu rani.

Da hantsi nake fita, bayan raɓa ta ɗauke. Kan tsiron kawai nake tsinka, mai taushin, in bar gindin ya sake tofo. In ta fara fure ta tsufa, sai kaushi. Ki kula da rai-ɗore, tare suke fitowa, kuma yara kan haɗa su a kwando ɗaya. Ganyen tafasa bakinsa a zagaye yake, uku a kowane gefe. Na rai-ɗore mai tsini ne, in kika murza shi warinsa ba daɗi. Na bakin titi kuwa, da na gefen gonar da aka yi wa feshin kashe ciyawa, komai kyansa ba na taɓawa.

Wajen shanya ake yin ɓarna. Shekarar da na fara, na baza zogale da kuka a kan kwanon ɗaki da tsakar rana, wai don su bushe da wuri. Kukar ta fito jawur kamar garin ƙasa. Inna ta ɗiba ta shinshina, ta ce, "'Yar nan, wannan ai sai awaki." Tun daga ranar inuwa nake nema: zaure ko ƙarƙashin rumfa, inda iska ke ratsawa. In shimfiɗa tabarma, in baza ganyen ba tare da ya hau kan juna ba, in juya safe da yamma. Da na ga hadari ya haɗo, ko magariba ta yi, sai ɗaki, don laimar dare kan mayar da aiki baya.

Zogale da tafasa nakan wanke, su tsane a kwando tukuna. Kuka da lalo kakkaɓewa kawai nake yi, ruwa na tayar musu da yauƙi. Na'a-na'a da ɗoɗɗoyar da ke bayan ɗakina kuwa ɗaure su nake ƙanana-ƙanana, in rataye a ƙusa.

Kwana uku zuwa biyar yakan ɗauka. Ki damƙa a hannu: in ya yi ƙaras ya murmushe, ya yi, in ya lanƙwashe, ƙara masa kwana. Kuka sai turmi da rariya. Sauran a bar su ganye-ganye a kwalba ko roba mai murfi, ban da leda, don tana gumi, funfuna ta shiga. Ranar kwaɗo ki jiƙa tafasar, ki dafa, ki zubar da ruwan farko kafin ƙuli-ƙuli ya hau.