Yadda zaka yi rubutu kan ambaliya, talauci da rikicin makiyaya ba tare da kwament sun koma damben Arewa da Kudu ba

Duk mai feji ko mai yawan rubutu a Facebook da X ya san abun da nake nufi. Ka saka labarin ambaliya da safe, kafin azahar kwament ɗari uku amma babu ko goma dake maganar ruwa, wannan yana cewa ai ku ƴan Arewa haihuwa kawai kuka iya, wancan yana rama masa da cewa ku da kuke da fetur me kuka tsinana, can kuma wani malam ya shigo ya ce duk zunubanmu ne ya fita. Mutanen da gidajensu suka rushe kuwa suna firamare a kan tabarma ba wanda ya sake tunawa dasu. Na jima ina wannan harkar, na sha zagi na kuma yi kurakurai, to ga abun da na koya, wanda zai ɗauka ya ɗauka.

Ka tuna 2022 tukunna, don nan ne darasin yake. Ambaliyar shekarar ta kashe mutum sama da 600 ta raba sama da miliyan ɗaya da gidajensu, tun daga Jigawa har Kogi da Anambra da Bayelsa. A watan Nuwamba ministar jin ƙai ta lokacin Sadiya Umar Farouq ta ce a lissafinsu Jigawa ce kan gaba wajen ɓarna, Bayelsa ma bata cikin goman farko. Shikenan aka kunna wuta. Ƴan Neja Delta suka ce ƴar Arewa ce tana karkatar da tallafi gida, namu kuma suka fito kare ta ba tare da sun ga takardar ba, aka kwashe kwanaki ana gasar waye yafi mutuwa. A cikin wannan watan dai Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa NBS ta fitar da rahoton talauci mai fuskoki da yawa, kuma a ciki Sakkwato ce ta ɗaya da kusan kashi 91, ta biyu fa? Bayelsa. Jigawa ma tana can sama da kashi 80 da wani abu. Wato jihohi biyun da ake haɗa faɗa a kansu layi ɗaya suke bi. Kuma a watan ne a Sharm el-Sheikh ta Masar, wajen taron sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya COP27, aka amince da kafa asusun biyan asara da ɓarnar da sauyin yanayi ke yiwa ƙasashe matalauta, wanda shi ne ainihin maganar da ta shafe mu duka tunda Afirka gaba ɗayanta hayaƙin da take fitarwa bai kai kashi 4 na duniya ba. Mu muna can muna jifan juna.

To abu na farko, tun kafin ka rubuta kalma ɗaya, hoton nan ko bidiyon da aka turo maka a WhatsApp ka bincike shi. Ka ɗauki sikirinshot ka saka a Google Lens, minti biyu ne, zai nuna maka inda ya taɓa fitowa. Ni da kaina na taɓa saka hoton wani ƙauye ruwa ya shanye na ce damina ce ta bana, ashe hoton ya shekara huɗu kuma ba ma ƙasar nan bane, wani yaro ne ya kama ni a kwament, wallahi kunyar har yau. Nawa ma da sauƙi tunda ruwa ne. A Yunin 2018 lokacin kashe-kashen Barikin Ladi a Filato, hotunan gawarwaki sun yi ta yawo a Facebook ana cewa ga abun da Fulani suka yi, binciken BBC ya gano ɗaya daga cikin bidiyon daga Kongo Brazzaville yake tun shekaru kafin nan, kuma ƴan sandan jihar sun ce waɗannan hotuna suna cikin abun da ya tunzura matasa suka tare hanya suna fito da matafiya daga mota. Ka duba inuwa, lambar mota, yaren da ake yi a bidiyon, ko ganye kore ne alhali ana cewa watan Maris ne. In baka tabbatar ba ka ajiye shi, ba wanda zai kama ka don baka yi fostin ba.

Sannan layin farko na rubutunka ya zama wuri ne da rana da abun da ya faru. Mutane da yawa layin farko kawai suke karantawa su danna sheya. "Dam ɗin Alau ya fashe daren 9 zuwa 10 ga Satumba 2024, ruwa ya shiga Maiduguri" ya fi "An sake mantawa da Arewa" nesa ba kusa ba, saboda na farkon yana jawo tambayar da ta dace: dam ɗin da aka gina tun shekarun 1980, wanda ya taɓa yin irin haka a 1994, wa ke da alhakin kula dashi, nawa aka ware, ina suka tafi. Na biyun kuwa gayyatar ɗan Legas kake ya zo ya ce ai ku kuka yi mulki shekara takwas, kai kuma ka tsaya ramawa, wanda ya kamata ya amsa tambaya ya samu ya sulale.

Yanzu ga wajen da yafi wuya, a nan zan daɗe. Yaushe zaka kira sunan ƙabila ko addini, yaushe zaka bari?

Akwai masu cewa kar a taɓa ambata gaba ɗaya, ni ban yarda da wannan ba. Wani lokacin in ka cire sunan mutane ka cire labarin ne. Ambaliyar Mokwa a jihar Neja ƙarshen Mayun 2025 wadda ta ci mutum fiye da 150, unguwannin da suka fi shan wahala Tiffin Maza ne da Unguwar Hausawa, kuma akwai almajirai a cikin mamatan. Faɗin wannan ba ƙabilanci bane, yana buɗe tambayar da ta fi komai muhimmanci a maganar rashin daidaito: me yasa kullum baƙo da talaka ne ke zaune a kwari da bakin rafi? Saboda can ne fili ke da araha, can ne ba mai tambayarka takarda. Haka in mata ne suka fi rasa jarinsu, ko masunta, ko masu noman fadama, ka faɗa.

Gwajin da nake yi mai sauƙi ne. In rubuta jimlar, in cire sunan ƙabilar, in sake karantawa. In bayanin ya ragu, wato mai karatu ya daina gane dalilin da yasa abun ya faru da waɗannan mutane, sai in mayar. In bayanin na nan daram, zafin ne kawai ya ragu, to dama zafin nake nema ba labari ba, sai in bar shi a cire. Gwaji na biyu, in juya: da ƙabilata ce a wannan gurbin, zan yarda jaridar Kudu ta rubuta haka? Mu da muke ƙorafi kullum ana rubuta "Fulani makiyaya" a kan duk wani mai bindiga tun kafin ƴan sanda su isa wajen, bai kamata mu zo muna rubuta "arnan Binuwai" ko "Inyamurai sun" kaza ba. Kuma mun ga inda irin wannan kuɗin goro ke kaiwa, mafarauta 16 ƴan Arewa da aka kashe a Uromi ta jihar Edo a Maris ɗin 2025 suna hanyar komawa gida sallah, ba wanda ya tsaya tambaya, kamanni da yare aka gani.

Amma dan Allah kar ka faɗa ɗaya ramin, wanda ƴan boko irinmu suka fi faɗawa, wato a kashe mutum hamsin a ƙauye kai kuma ka zo kana cewa ai sauyin yanayi ne. Wanda ya binne ƴaƴansa jiya in ya karanta wannan gani zai yi kana wanke masu kisan ne, kuma yana da gaskiya ya ji haka. Fari baya riƙe bindiga. Eh, kwararowar hamada gaskiya ce, ciyawa da mashaya sun ragu, makiyaya suna gangarawa kudu suna daɗewa fiye da da. Sai dai ka jero sauran a gefensa: dokar wuraren kiwo ta 1965 da aka yi a tsohuwar Jihar Arewa, wuraren sama da 400 amma waɗanda aka yiwa gazet, wato aka tabbatar dasu a hukumance, basu kai rabi ba, burtali da labi da aka nome ko manya suka yanka filaye, satar shanu, makamai da suka cika daji, kotu da bata hukunta kowa, dokar hana kiwon sake ta Binuwai ta 2017, shirin RUGA na gina wa makiyaya matsugunai da aka dakatar a 2019 saboda hayaniyar da ta tashi tun kafin a karanta shi. Ƙungiyar International Crisis Group ta ce a rabin farko na 2018 kaɗai rikicin manoma da makiyaya ya ci rai sama da 1,300. Yanayi yana bayanin me yasa aka matsu a waje ɗaya, baya bayanin me yasa wani ya shiga ƙauye da dare. Ka raba biyun a rubutunka ƙarara, sakin layi daban ma in da hali, kuma wanda ya yi kisa ka kira shi mai kisa ko ɗan ɗakinku ne.

Wani abu a gefe, maganar Tafkin Chadi da kowa ke haddacewa cewa ya ƙafe da kashi 90. Daga kusan murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960 ya yi mummunar raguwa zuwa shekarun 1980 lokacin manyan fari, wannan haka ne, amma hotunan tauraron ɗan adam sun nuna tun daga nan bai ci gaba da ƙanƙancewa ba, ya ma ɗan farfaɗo, matsalar yanzu ita ce ba a iya sanin yaushe ruwa zai zo da nawa zai zo. In ka rubuta tsohon zancen wani zai kawo maka gyara, daga nan duk sauran maganarka ta zube.

Alƙaluma kuma, ka kawo su da jelarsu. Rahoton NBS ɗin nan ya ce mutum miliyan 133 ne ke cikin talauci mai fuskoki da yawa, kashi 63 na ƴan ƙasa, miliyan 86 a Arewa miliyan 47 a Kudu. Ɗan Kudu zai ɗauki 86 ya yi mana gori, ɗan Arewa zai ɗauki Bayelsa ya rama, duka biyun sun yanki inda ya musu daɗi. Kar ka ɓoye cewa mu muka fi yawa a ciki, gaskiya ce kuma gwamnoninmu ne ya kamata su ji kunya. Amma ka ƙara da wanda ba a cika faɗa ba, karkara kashi 72 birni kashi 42, sannan ka bayyana cewa ba kuɗin aljihu kawai ake aunawa ba, har da makaranta, asibiti, ruwan sha, irin makamashin girki, aikin yi da tsaro. Da zarar ka ce itacen girki da ruwan sha, matar Yenagoa ta Bayelsa da matar Ringim ta Jigawa sun gane juna.

Sai kwament. Awa biyun farko su ne komai, in zaka saka irin wannan rubutu kar ka saka ka tafi kasuwa. Ka rubuta kwament na farko da kanka ka liƙa shi a sama, ka faɗi inda ka samo bayanin, ka ce duk wanda ya zagi ƙabila ko addini za a goge ko da namu ne, kuma ka cika, don ranar da ka goge na baƙo ka bar na ɗan gida ka gama yawo. Wanda ya zo da tambaya ko da da zafi ka amsa masa sau ɗaya cikin mutunci, "ɗan uwa ga inda na gani, in kana da wani kawo mu duba". Wanda akawun ɗinsa bai wuce wata biyu ba, ba hoto, duk rubutunsa zagin ɓangare ɗaya ne, kar ka ɓata datarka, bulok kawai. Kar ka ɗauko sikirinshot ɗin wani wawa guda daga Kudu ka kawo wa mabiyanka kana cewa ku ga abun da suke faɗa a kanmu, mutum ɗaya ne, kuma can ma akwai mai ɗaukar na wawanmu yana kai musu. Na san irin wannan fostin ne ke kawo layik da kuɗin monitaizeshan, shi yasa ake yi, kowa dai ya san abun da yake sayarwa. In kai ka yi kuskure ka gyara a cikin rubutun ka rubuta "gyara" a ƙasa, kar ka goge a ɓoye, an riga an ɗauki sikirinshot.

Kuma ka nemi muryar wanda abun ya shafa ba wanda yafi iya turanci ba. In kana rubutu kan Hadeja da Auyo da Kafin Hausa ka kira manomi, zai maka maganar ciyawar kachala da ta toshe hanyar ruwa da lokacin da ake sako ruwan dam ɗin Tiga da Challawa, ba zai taɓa ce maka Bayelsa ba. In rikicin gona ne ka ji ta bakin mai gonar da ta bakin Arɗo duka, ka nemi izini kafin ka saka fuskar mutum, yara da gawa kuma a rufe.

Hukumar hasashen yanayi NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon shekara, hukumar lura da ruwa da koguna NIHSA kuma tana fitar da jerin jihohi da ƙananan hukumomin da ambaliya ka iya shafa kafin ruwa ya sauka. Ka sauke su ka ajiye a waya, ka nemo ƙaramar hukumarku a ciki, ka fassara wa mutane da Hausa tun watan Afrilu ko Mayu, ka tambayi ciyaman da ɗan majalisarku a fili me aka yi da magudanan ruwa da kason asusun muhalli da jiha ke karɓa. Wannan fostin ɗin layik ashirin zai samu, na gwada. Ka adana link ɗinsa dai, watan Satumba zaka neme shi.