Darasi na 9: Sayar da Mashin Na Hannu

Buhun masara yana nan inda ka ajiye shi har a gama ciniki. Mashin kuwa kaya ne mai ƙafa, wanda ka miƙa wa makulli ka ba shi hanya.

Kafin ka sa shi a kasuwa, nemo rasit ɗin da aka ba ka ranar da ka saya, da takardun lamba. Duba lambar inji da lambar shasi a jikin mashin, ka gwada su da na takarda, harafi bayan harafi. Ga ranar karatun da muke yi. Idan yana shan baƙin mai ko giya tana zamewa, faɗa wa mai saye. Ɓoye aibi haramun ne a ciniki, kuma Zariya ba ta yi girman da ba za ku sake haɗuwa ba.

Mai saye zai ce, "Bari in ɗana." Yana da gaskiya, ba a sayen Bajaj ko Jincheng da ido kawai. To amma a ina? Kada ku haɗu a Kwangila, inda hanya ta rabu zuwa Kano da Funtuwa da Kaduna. Minti 2 ya isa mutum ya ɓace maka a can. Kira shi unguwarku da rana, gaban shagon bakaniken da ya san ka, inda idon jama'a yake.

Ka ce masa, "Malam, ajiye kuɗin a hannun wannan dattijo, sai ka hau." Idan ya ce kuɗin na banki, karɓi katinsa na ɗan ƙasa, ka dubi hoton, ka dubi fuskarsa, sannan ka hau bayansa ku zagaya tare. Waya ba jingina ba ce, wata ko kuɗin taya ɗaya ba ta kai ba. Haka mutumin da suka zo tare. Sau da yawa ɗan acaɓa ne da ya ɗauko a hanya, ko sunansa bai sani ba, kai kana zaune da shi kana zaton ka riƙe ɗan'uwan mai saye.

Nuna masa iyaka: daga nan zuwa masallacin can, ya juyo. Bar mai kaɗan a tanki. Ba shi hular kwano, kuma ku yi magana a gaban shaida cewa in ya faɗi, gyara a kansa yake. Yaro mai son ɗaga taya, ce masa albarka tun bai taya ba.

Idan ka sallama, kada ka yarda da saƙon shigar kuɗi a waya, ana ƙirƙirar na ƙarya. Buɗe asusunka ka ga kuɗin, ko ku je banki tare. Sannan a rubuta takardar ciniki kwafi 2, da shaidu 2, mai unguwa ya sa hannu in da hali. Riƙe naka kwafin, domin in aka yi ɓarna da mashin ɗin gobe, sunanka ne a takardun lamba.

Aikin gida: kwafi wannan a littafinka, ka cike guraben.

Ni ______ na sayar wa ______ mashina ƙirar ______, mai lambar inji ______ da lambar shasi ______, a kan naira ______, yau ranar ______.