Haƙar kwal a gangaren tsauni: kurakuran da ke sa kuɗin jingina ya maƙale

A Amurka, musamman a tsaunukan Afalachiya na jihohin Kentaki da Yammacin Bajiniya, dokar haƙar kwal da gyaran ƙasa da Shugaba Jimmy Carter ya sa wa hannu a 1977 ta ware ƙa'idoji na musamman ga duk gangaren da ya haura digiri 20. Dokar ta kuma wajabta wa kamfani ajiye kuɗin jingina kafin ya fara haƙa, ba a sakar masa sai ya gyara wurin. Yawancin masu faɗa wa tarkonta sun san dokar sarai. Matsalarsu ɗaya ce: suna ɗaukar gyaran ƙasa aikin ranar tashi, alhali tun ranar da katafila ta fara kartar tudu ake soma shi.

Kuskure na farko, kuma mafi muni, shi ne tura baraguzai ƙasan gangare. Direba ya yanko dutse, wurin juyawa ya yi masa kaɗan, sai ya tunkuɗa tarin ya gangara. Doka ta hana wannan ƙememe, har da jefar da tarkace ko mataccen inji. Kuma abin da ya gangara ba ya hawowa da arha. Maganinsa a takarda yake tun kafin a soma: dutsen da aka fasa yakan kumbura, ramin da ya fito ciki ba zai sake cinye shi duka ba. A lissafa rarar, a samo mata mazauni a cikin lasisi, sannan a riƙa cike ramin jiya da abin da aka haƙo yau.

Sai batun ruwa, wanda a ganina shi ne uwa uba. Mutum ya duba wuri da rani ya ga a bushe, ya jibge rarar a kai, ashe akwai idon ruwa a ƙarƙashi. A ƙauyen Abafan da ke yankin Wales na Birtaniya haka ta faru a 1966: tarin baraguzan kwal da aka ɗora kan maɓuɓɓuga ya zame, ya binne makarantar firamare, mutum 144 suka rasu, 116 daga cikinsu yara. Don haka kafin a zuba ko tifa ɗaya a kwari, a share ciyayi da itatuwa, a shimfiɗa magudanar manyan duwatsu masu ƙwari a ƙasa, a kuma yanka lambatu a sama don kewayar da ruwan damina. Kada a binne kututture a cikin cikon. Yau yana riƙe da ƙasa, bayan 'yan shekaru ya ruɓe ya bar kogo. Mai lura zai ga alamun tun da wuri: siririyar tsaga a saman cikon, ƙasa ta yi ƙozo a gindinsa, ruwa mai launin tsatsa yana tsattsafowa. Wannan launin kuwa labari ne daban, yana nufin an bar dutse mai sinadarin sulfa yana haɗuwa da iska da ruwa, ya koma asid. Irin wannan dutsen ware shi ake yi, a binne inda ruwa ba ya ratsawa.

Barin tsayayyen bangon da haƙa ta yanka ba ya buƙatar dogon bayani. Dole a rufe shi gaba ɗaya, wurin ya koma kusan siffarsa ta asali, sai dai in lasisi ya ba da izinin wani tsari.

Akwai kuma kuskuren masu son burge sufeto. Su bi fuskar gangaren da katafila sau da yawa har ta yi sumul, su watsa irin ciyawa mai saurin tofo, hoto ya yi kyau. To amma ƙasar ta daskare kamar daɓe, saiwar itace ba ta iya huda ta, ruwa ma gudu yake a kai. Dannewa ta cikin cikon ce, don kada ya zame. Saman kuwa, masu binciken mayar da daji sun ba da shawarar a bar kamar ƙafa 4 a sake, a shuka ciyawar da ba za ta shaƙe dashe ba. Wanda tun farko ya cuɗanya ƙasar sama da baraguzai, a nan zai gane kurensa.

Kuɗin jingina kashi uku ake sakinsa. Har kashi 60 cikin 100 na iya fitowa bayan an gama ciko da daidaita ƙasa da magudanai, wani kashi bayan tsiro ya kama, ragowar sai an cika shekara 5 a yankin da ruwan sama ya haura inci 26 a shekara, ko 10 inda bai haura ba. Abin da ake mantawa shi ne ƙidayar tana farawa ne daga shekarar ƙarshe da aka ƙara iri, taki ko ban ruwa. Ka sake shuka a shekara ta huɗu don tsiron ya gaza, ka koma farko. Takardar saɓa doka da aka yi biris da ita kuma takan kai ga umarnin dakatar da aiki, sunan kamfanin ya shiga rajistar masu saɓa doka ta gwamnatin tarayya, sabon lasisi ya gagara a kowace jiha har sai an gyara.