Yadda Ake Zaɓen Injin Shara Mai Batir Wanda Ya Dace Da Daɓen Gida

Injin shara mai batir shi ne wanda aka ƙera kamar sanda: moto da batir da kofin ƙura suna wajen hannu, dogon bututu a tsakiya, kan shara kuma a ƙasa. Sauƙinsa a fili yake, ba waya, ba neman soket ɗaki-ɗaki. Amma da yawa daga masu saye lambar da aka rubuta da manyan haruffa a jikin kwali suke bi, alhali daɓen gidansu ne ya kamata ya yanke hukunci. Don haka kafin ka duba kowane inji, ka zagaya gidan ka tantance: nawa ne tayil ko siminti ko katako, nawa ne kafet, kuma kafet ɗin mai gajeren gashi ne ko mai tsawo.

Kan shara

Wannan shi ne ɓangaren da ke taɓa ƙasa, kuma rabin aikin a nan yake. Iri biyu ne suka fi yawa. Akwai mai gammo mai laushi da ke juyawa, wanda aka lulluɓe da yadi mai kama da karan-miski. An yi shi domin daɓe mai santsi. Gabansa a buɗe yake, saboda haka yana hawa kan tsakuwa ƙanana da ɓarɓashi ya haɗiye su, yadin kuma yana goge ƙurar da ta manne a tayil. Na biyu mai buroshi ne mai tauri, aikinsa ya kaɗa gashin kafet har yashin da ya nutse ciki ya taso iska ta ja shi.

In ka sa mai laushi a kan kafet, sama-sama kawai zai share, yashin ciki na nan. In ka sa mai tauri a kan tayil, sai ya riƙa tura manyan ɓarɓashi gaba ko ya watsa su baya, a kan katako mai sheƙi kuma yana iya barin zane. Gidan da ke da duka biyun, ko dai a sayi inji mai kai biyu, ko mai kai ɗaya da aka haɗa masa layin laushi da layin buroshi. Na haɗin yana yin aiki daidai gwargwado a ko'ina, sai dai ba ya kai kowanne daga cikin na musamman.

Ka tabbata kan yana da ɗan motonsa na kansa. Akwai masu araha da iska ce kawai ke juya buroshinsu, da zarar sun hau kafet sai juyawar ta mutu. Ka juya kan ka dubi ƙasansa: tayoyin su kasance masu roba domin kada su karce katako, buroshin ya kai kusan bakin gefe domin ya share gindin bango, kuma a iya zare shi da hannu ko da sulalla ba sai an nemo sukudireba ba. Gidan da ke da masu dogon gashi ko kyanwa, wannan na ƙarshe ba abin wasa ba ne. Gashi yana nannaɗe buroshi, ya shige cikin wurin da buroshin ke juyawa a gefensa, wurin ya yi zafi, robar ta narke. Wasu kawunan suna da haƙora kamar na mataji da ke tsefe gashin yayin juyawa, kuma suna rage wahalar sosai. Ga kafet mai dogon gashi, ka nemi kan da ke da 'yar ƙofar iska da ake buɗewa, domin in tsotson ya yi yawa kan yana mannewa, buroshin ya tsaya cak.

Fitilar da ake sa wa a gaban kan tana da amfani fiye da yadda ake zato. Haske da ke kwance dab da ƙasa yana nuna ƙurar da fitilar rufi ba ta nunawa.

Ƙarfin tsotso da lambobinsa

Lambobi uku za ka gani. W ita ce wutar da moton ke sha, ba ƙarfin sharar da yake yi ba, don haka kada ta ruɗe ka. Pa tana auna ƙarfin jan iska a lokacin da aka toshe bakin bututu gaba ɗaya, wato lokacin da ba iskar da ke wucewa, kuma kamfanoni ba sa auna ta iri ɗaya. Shi ya sa 25,000 Pa na wannan kamfani ba lallai ya yi daidai da na wancan ba. AW ta fi su ma'ana, domin ta haɗa ƙarfin ja da yawan iskar da ke gudana. Injina masu kyau sukan kai tsakanin 100 zuwa 250 AW a matakin ƙarshe. Ga gidan tayil zalla, na ƙasa-ƙasa a cikin wannan iyaka ya isa in kan yana da kyau. Kafet mai kauri ne ke buƙatar na sama.

Duk waɗannan lambobi na matakin ƙarfi mafi girma ne, wanda batir ba ya ɗaukarsa da daɗewa. Abin da za ka yi shara da shi kullum shi ne matakin tsakiya.

Batir

A nan ne aka fi yin kuskure, don haka ya kamata a tsaya. Idan kwali ya ce "har minti 60", yawanci an auna ne a mataki mafi rauni, sau da yawa ma da ƙaramin bakin da ba shi da moto. A matsakaicin mataki da kan shara a haɗe, ka sa ran rabin haka ko ƙasa. A mafi ƙarfi, minti 5 zuwa 15 ne ake samu.

Kana iya gano girman batir da kanka. A jikinsa akwai lamba mai alamar V, wato ƙarfin lantarkinsa, da wata mai alamar Ah ko mAh, wato yawan cajin da yake ɗauka. Ninka V da Ah zai ba ka Wh, wato ainihin wutar da ke ajiye. Batir mai 21.6V da 2,500 mAh, wato 2.5 Ah, yana da 54 Wh. In moto yana shan 100 W a ƙaramin mataki, zai yi kusan rabin awa. In yana shan 400 W a babban mataki, minti 8 ke nan. Kada a kwatanta mAh kaɗai, domin batir mai 25.2V da 2,500 mAh ya fi wancan, yana da 63 Wh. Bambancin daga yawan ƙwayoyin ciki ne: kowace ƙwayar lithium tana da kusan 3.6V, shida sun ba da 21.6, bakwai sun ba da 25.2. Wasu kamfanonin suna rubuta lambar da batir ke nunawa lokacin da ya cika dam, shi ya sa 18V da 20V sau da yawa batir ɗaya ne mai ƙwayoyi biyar.

Caji yakan ɗauki awa 3 zuwa 5. Saboda haka in batir ya ƙare kana tsakiyar aiki, sharar ranar ta tsaya ke nan, sai dai in akwai na biyu. A ganina wannan dalili kaɗai ya isa a fifita injin da batirinsa ke cirewa da danna maɓalli a kan wanda aka ɗaure da kusoshi a ciki. Ga kuma dalili mafi girma: batirin lithium yana tsufa, bayan caji ɗari uku zuwa ɗari biyar yakan fara raguwa yadda za a lura, alhali moton yana nan lafiya. In ba a iya canza batir, ko ba a samunsa a kasuwa, inji mai lafiya ya zama shara da kansa. Kafin ka biya, ka bincika ko ana sayar da batir, matata da buroshin wannan samfurin daban, kuma ka karanta garanti da kyau, domin sau da yawa wa'adin batir ya fi na injin gajarta.

Zafi shi ne babban abin da ke kashe batir. Kada a kafa wurin caji inda rana ke duka ko kusa da murhu, kuma a bar injin ya huce bayan aiki kafin a jona shi. A yi amfani da cajarsa ta asali, a duba ko an rubuta 100-240V a jikinta in wutar ƙasar da aka sayo shi ta bambanta. In za a ajiye shi watanni, a bar batir da kusan rabin caji. Batirin da ya kumbura ko yake wari a daina amfani da shi nan take.

Matata da kofin ƙura

Iskar da inji ya ja dole ta fita, kuma tana fita ne kusa da fuskarka. Matatar HEPA ta gaskiya tana kama kashi 99.97 cikin ɗari na ƙwayoyin ƙura masu girman maikron 0.3 (maikron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), ko kuma a ma'aunin Turai za ka ga an rubuta H13. Amma matata mai kyau ba ta da amfani in jikin injin yana yoyon iska ta gefen robobi. Ka nemi wanda aka ce dukan jikinsa a rufe yake, musamman in akwai mai asma ko ƙananan yara. Ka yi hattara da kalmomi irin su "mai kama da HEPA", domin ba su ɗaure kamfani da komai ba.

Yawancin waɗannan injina ba su da jaka. Iska ce ke juyawa kamar guguwa a cikin kofin, ƙura ta faɗi ƙasa kafin ta kai ga matata. In wannan tsari bai da kyau, matata tana toshewa cikin kwanaki kaɗan, tsotso ya faɗi. Kofin kan ɗauki lita 0.3 zuwa 0.8. Akwai layi a jikinsa da ke nuna iyaka, kuma wuce shi yana tura ƙura kai tsaye cikin matata. Ka gwada yadda ake zubarwa: wanda sai ka sa yatsa ka zaƙulo gashi zai gundure ka da wuri. In matatar irin wadda ake wankewa ce, ana wanke ta da ruwan sanyi ba sabulu kusan sau ɗaya a wata, a bar ta ta bushe aƙalla awa 24. Mayar da ita da danshi yana kawo wari, yana kuma iya lalata moto. Matata ta biyu a ajiye tana warware wannan jira.

Nauyi a hannu

Yawancinsu kilo 2 zuwa 3.5 ne, sai dai nauyin yana taruwa ne a wuyan hannu, don haka kilo 3 a takarda ba ya gaya maka yadda za ka ji bayan minti 20. In da hali ka riƙe shi, ka ɗaga shi sama kamar za ka share labule, ka kwantar da shi ka ga ko zai shiga ƙarƙashin gado. Wasu suna da maɓalli irin kunamar bindiga da sai an riƙe, yana ceton batir amma yana gajiyar da yatsa, ga tsofaffi da masu ciwon gaɓoɓi mai danna sau ɗaya ya fi. Da yawa ba sa iya tsayawa da kansu, in ka jingina su sai su zame su faɗi, kofin ya tsage. Mai haya da ba zai huda bango don kafa wurin rataye injin ba ya nemi mai mazaunin da ake ajiyewa a ƙasa.

Abubuwan da ke lalata shi da wuri

Ruwa, toka mai zafi, fasasshen gilashi, da garin siminti ko filasta bayan gini, duk ba nasa ba ne. Garin gini yana toshe matata nan take, ya ratsa zuwa moto. In injin ya fara kunnuwa yana mutuwa a jere, yawanci ba lalacewa ya yi ba, toshewa ce yake sanarwa. Ka cire bututun ka jefa sulalla ta ciki: in bai faɗo ba, abin yana nan. In ya faɗo, ka duba wuyan kan shara inda yake lanƙwasa, sannan ƙofar shiga kofin, sannan matata. In buroshi ne kaɗai ya daina juyawa, ka cire gashin da ya naɗe shi, ka goge ƙananan ƙarafan da ke kai wuta daga bututu zuwa kai da busasshen tsumma, ka bar shi ya huce kamar rabin awa kafin ka sake kunnawa.